Hular da Na Ɗinka wa Wasiyu

Ku matso kusa, ku yaran yanzu, musamman 'yan matan gidan nan da ke leƙo ni ta taga suna cewa Maman Hadiza ta huta, aikinta zama a inuwa da allura. Har wata ta ce mini in ba ta sati biyu za ta iya. To ku zauna ku ji. Shekara talatin da wani abu ina ɗinkin hula a nan Agege, a ɗaki ɗaya, kuma a cikin hulunan da suka fita daga hannuna akwai wadda ta kusa sa a kashe mutum. Labarinta nake so in ba ku, amma sai kun fara sanin yadda hula take zama hula.

Hular farko da na gama ta ci mini wata huɗu. Gwaggo Asabe ce ta koya mini, ƙanwar babanmu, a ɗakinta na bayan layin dogo, inda in jirgi zai wuce sai ki ɗaga allura ki jira, don kada ta kauce. Kayan aikin ba su da yawa: farin yadi da mai zane ya fitar wa fure da biro, allura 'yar siririya, tsinken huda, zare kala-kala, da reza. Amma kowane ɗan ido da kuke gani a jikin hula, huda shi ake yi, a zagaye shi da zare, a ja daidai. In kin ja da ƙarfi yadin ya tattare, in kin sassauta idon ya rufe. Gwaggo ba ta faɗa. Sai dai ta karɓa ta ɗaga saitin hasken ƙofa, ta duba, ta miƙo mini reza. Shi ke nan na san aikin kwana uku ya tafi.

Ga kuma laimar Legas. Gumin hannunki kaɗai ya isa ya mai da farin yadi ruwan ƙasa kafin ki kai rabi, shi ya sa duk inda aka gama sai a naɗe shi da tsumma, a bar tafin hannu ɗaya kawai a buɗe. In damina ta kama, ni a bokitin fenti mai murfi nake ajiye aikina, in ba haka ba fumfuna ta hau, kuma fumfuna in ta hau zare ba ta sauka.

Abu na ƙarshe da Gwaggo ta koya mini shi ne alama. Masu wankin hula sukan tara hula hamsin a baho ɗaya, su sa sitaci, su kifa kowace a kan katako su shanya. Ran karɓa sai rigima, wannan ya ce tasa ce, wancan ya ce tasa ce. Don haka kowace mai ɗinki da alamarta. Tamu ƙulli uku ne na koren zare, daga ciki, daidai inda jikin hula ya haɗu da samanta. Ko hular baƙa ce, ko ba kore a jikinta ko ɗigo, sai na yi ƙullin nan uku kafin in yanke zare. Ku riƙe wannan.

Masu ba ni aiki yawanci mutanenmu ne: mahauta, 'yan gwarin kasuwar Mile 12, masu shayi da suka tara ɗan abin Sallah. Ba na fita, su suke aiko matansu da zaren da aka zagaye kan mutum da shi aka ƙulla. Da zaren nan kawai na san kawunan rabin mazan unguwar nan, har na san wanda ya fara sanƙo, don sai ya ce a zurfafa masa.

Wasiyu shi da kansa ya kawo zarensa. Ɗan Alaja ne, mai gidan da muke haya, Bayarabe, a gabana ya girma. Sana'arsa sarin tumatir da tattasai daga Mile 12 yana kai wa masu gidajen abinci. Da yaranmu ya tashi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai in kin kasa kunne za ki ji harshen uwarsa a ƙarƙashi. Ya durƙusa bakin ƙofata ya ce, "Mama, irin ta Baban Hadiza nake so. Ba ta inji ba, ta hannu." Ya zaɓi ruwan toka da shuɗi. Kullum da safe in zai fita sai ya leƙo: "Mama, ta kai ina?" In ce masa ta kai inda ta kai.

Tana kan cinyata yayana Sani ya zo gaishe ni. Shi dilan albasa ne a Mile 12, can yake zaune, ya haura sittin, kuma duk hular da ke kansa ni ce na ɗinka. Ya ɗauki zaren awon ya ware.

"Kan wa ne wannan, Rabi?"

"Na Wasiyu ne, ɗan Alaja."

Ya ajiye zaren a hankali. "Ke ba ki ga abin da suke yi a waya ba? Mutum ya zura kaftani, ya kifa hula, ya rataya rediyo a kafaɗa, ya zauna bakin ƙofar gida yana karya harshe, duniya tana dariya. Shi ne za ki kashe idonki wata biyu ki ba su kayan wasa."

"Yaya, wannan masallaci zai je da ita."

"Na ji. A wurinsa kwalliya ce. Mu kuwa da ita ake gane mu a nuna mu da yatsa. Ran da aka tare hanya, shi ya cire ya sa a aljihu ya koma ɗan gida. Ni in na cire fa, in koma wa?"

Bangon gidanmu bai riƙe magana. Sai ga Alaja ta ɗaga labule, da Hausarta ta Agege. "Alaji Sani, sannu da zuwa. Ran bikin Hadiza wa ya ɗaura wa ƙanwarka ashoke? Ni ce nan. Mata arba'in, duk 'yan Arewa, kowace da gwaggwaro kamar za ta tashi sama. Ban ga wadda ta zo neman izinina ba."

"An yi muku dariya da shi, Alaja?"

"Mu ne muka yi muku. Ɗaurin ne ba ku iya ba."

Har shi Yaya sai da ya murmusa, amma da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce mini, "Na dai faɗa miki."

Ni ban ce Yaya ƙarya yake ba. An taɓa zuwa mini, wasu samari biyu da na'urar ɗaukar hoto, suna son hula mai girma wadda za ta faɗo har kunne, wai kuma in ɗan shafa mata datti. Na ce su je kasuwa su nema, ba a nan ba. Amma wanda ya jira wata biyu yana tambaya kullum, ya karɓa da hannu biyu, na san ba wasa zai yi da ita ba. Na gama, na yi ƙullina uku, na ba shi. Shekara uku tana kansa. Da ita yake kasuwa, da ita yake masallaci, har sau ɗaya ya dawo mini da ita na kama inda ƙusar danfo, motar haya, ta ja.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, ina kan wata hula ta wani mahauci, na kai wajen furen tsakiya. Wajen hantsi na ji mai burodin gidanmu ta dawo da tirenta cike, ba ta sayar da ko ɗaya ba. Sai ƙarar shaguna ana ja ana rufewa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshen layi. Aka ce faɗa ya ɓarke wajen kasuwa tsakanin mutanenmu da 'yan gari. Wasu suka ce wani mai okada ne da wani direba, wasu suka ce a kan sauke kaya ne. Har yau ban san gaskiyar ba. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne ana tare motoci ana duba mutane.

Alaja ta zo ta tsaya a ƙofata, ba ta ɗaga labule da wasa irin na kullum ba.

"Iya Hadiza, kin ga fitar Wasiyu?"

"Na gani. Ya gaishe ni."

"Da me ya fita?"

Na san ta sani. Farin kaftani ne, na Juma'a, da hular. Na faɗa mata. Ta dubi yadin da ke cinyata, ta dubi allurar. Na duba hannuna na ga na soke yatsa, jini ya ɗiga a kan furen mahaucin, ban ma ji ba.

Ta kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. Na kira ta Yaya, ita ma haka. Mijina yana mayanka, shi ya ɗauka, ya ce sun kulle kansu a ciki, kada in kuskura in leƙa waje. Alaja ta sa aka rufe ƙofar gida da sakata, aka jingina benci. Mu matan Hausawa uku ne a gidan. Ta shiga ɗakinta ta buɗe akwati, ta fito da buba da zannuwa irin nasu, ta ce, "Ku cire mayafan nan. In an shigo, ku duka ƙannena ne, kada wadda ta buɗe baki." Ita ta ɗaura mini ɗankwali irin ɗaurinsu. Sau uku yana kwancewa tana sake ɗaurawa. Ran bikin Hadiza na sa kayan nan ina juyi gaban madubi. Ranar nan na sa su ina sauraron ko za a buga ƙofa.

Haka muka zauna a tsakar gida. Ba wanda ya je Juma'a a layinmu. Duk okadar da ta wuce sai Alaja ta miƙe, ta koma ta zauna. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ya sayi ta inji, da tuni ta yage ya yar." Gaskiya ta faɗa, hular hannu ba ta mutuwa da wuri.

Abin da ya faru a can, daga bakin Wasiyu da na Yaya na ji shi daga baya, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Danfon da Wasiyu ya shiga an tare ta kafin ta kai kasuwa. Samari ne da katakai, suna leƙa tagogi suna duba kawuna. Suka ce mai hula ya sauko. Ya sauko yana yi musu Yarbanci, yana faɗa musu sunan gidansu da garin kakansa. Ɗaya ya ce kada a saurare shi, Hausawan Agege duk sun fi su iya Yarbanci. Kuma ba ƙarya ya yi ba, Hadizata in tana magana ba za ka raba ta da su ba. Katako ya sauka a kafaɗarsa. Ya fizge ya ruga. Na tambaye shi me ya hana shi jefar da hular, ya ce, "Mama, ban ma tuna ba. Hannuna ne ya dafe ta kada ta faɗi, kamar kullum in ina bin mota."

Inda ya sani ya nufa, cikin kasuwa, wajen mutanen da yake ciniki da su. Sai dai ba ƙofar 'yan tumatir ya faɗa ba, ta 'yan albasa ce, kuma masu tsaronta 'yan dako ne, 'yan ci-rani sabbin zuwa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Su ma a tsorace suke, an riga an shigo musu da mutum biyu jina-jina. Suka tambaye shi daga ina. Da ya buɗe baki yana haki, harshen uwarsa ya fito fili. Wani ya ce, "Ba namu ba ne. Kayanmu ya sa ya shigo ya ga yawanmu." Suka kai shi ƙasa. Goshinsa ya fashe a jikin baro, hular ta faɗi cikin ɓawon albasa.

Hayaniyar ce ta fito da Yaya daga rumfarsa. Ya gane Wasiyu, ya ce su dakata, ɗan matar da ƙanwarsa ke haya a gidanta ne. Ba su ji ba. Wani dogo a cikinsu ya ce, "Baba, ko ka san shi, me ya sa yau ɗin nan ya shigo da kayanmu? Ai da gangan ne."

Yaya ya ce a nan ya ga in ya ci gaba da rantsuwa za a kashe mutumin nan a gabansa. Sai ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kakkaɓe, ya juya cikinta waje.

"Kai dogo, zo ka duba. Kana da hula, ka san hula. Wannan baƙin da ya zagaye bakinta, na kwana ɗaya ne?"

Dogon ya duba. Gumi ne da man gashi na shekara uku, wanda sitaci ya bi ta kai ya bi ta kai har ya zama kamar fata.

"Ga inda ta yage aka kama. Ga shuɗin ya koɗe don wanki. Wanda zai zo leƙen asiri, sabuwa yake saya da safe a bakin titi." Sannan ya cire tasa daga kansa, a gaban yaran da ba su taɓa ganin furfurarsa ba, ya juya ta, ya haɗa su biyu. "Ƙulli nawa kuka gani a nan? A nan fa? Hannu ɗaya ne ya yi su, hannun ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Wata biyu ta yi a kan tasa, a gabana. In ɗan leƙen asiri ne, to ni ma shi ne."

Aka yi ta miƙa hulunan daga hannu zuwa hannu, kowa yana kai ido kan koren zaren. Sandunan suka sauka. Yaya ya ja Wasiyu bayan buhunan albasa ya zaunar, ya ɗaure masa goshi da rawanin wani direba.

Bayan la'asar, da jami'an tsaro suka buɗe hanya, aka buga ƙofarmu. Ba wadda ta motsa sai da muka ji muryar Wasiyu yana kiran uwarsa. Aka janye benci. Su biyu ne, shi da Yaya. Kaftanin ya zama ja da ruwan ƙasa. Dukansu kai ba hula, kowa ya cusa tasa a aljihu saboda hanya. Tun ina yarinya ban taɓa ganin Yaya a titi kai a buɗe ba. Shi kuma ya tsaya yana kallona cikin buba da ɗaurin Alaja. Ba wanda ya yi wa wani dariya.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Wata da watanni ba wanda ya aiko da zare. Mazan unguwa suka koma hana-salla, wasu kai a sake, har masu furfura. Hulunan da na gama suka zauna a bokiti, damina ta zo, na buɗe na tarar fumfuna ta cinye uku. Ta mahaucin nan ma jinin bai fita ba, sai warware furen na yi gaba ɗaya. Facin kayan makaranta na koma yi kafin abubuwa su lafa, mutane su fara jin za su iya fita da kansu a rufe.

Kada ku ɗauka abin da ya faru ya sa wani ya sauya ra'ayi. Yaya har gobe yana kan bakansa. Ya ce mini, "Mutum na ceta, ba hula ba. Kuma kin ga abin da na faɗa miki. Kayan nan nauyi gare su, ba kowa ya san da shi ba sai ran da ya faɗo masa." Na ce ai ga shi Wasiyu bai cire ya sa a aljihu ba. Ya ce, "Shi ɗaya ne." Alaja kuwa, wadda ta tsaya wa Wasiyu a da, yanzu ita ce ba ta son ganin kaftani ko a igiyar shanya. Ta ce ɗa ɗaya gare ta namiji, ba ta haife shi don ya mutu a kayan wasu ba. Muna gaisawa, muna ba juna gishiri, amma ba ta ƙara zama a ɗakina in ina aiki ba.

Kwana tara da suka wuce Wasiyu ya zo ya durƙusa bakin ƙofata, da tabon nan a goshinsa. Aure zai yi bayan Sallah. Ya fito da tsohuwar hular daga leda, jinin ya bushe ya zama baƙi a gefe ɗaya, ya ajiye mini tare da sabon zaren awo.

"Mama, irinta nake so. Ruwan toka da shuɗi."

Na ce, "Wasiyu, ba ka ji jiki ba?"

"Na ji. Amma tun ranar nan kullum in na fita sai in ji kamar na manta wani abu a gida. Kaina ya saba, Mama. Kuma waɗanda suka buge ni, na can da na nan, ba su ne suka ba ni ita ba. Ke kika ba ni."

"Alaja ta sani?"

Ya kawar da kai yana wasa da bakin ledar.

Da yamma Alaja ta same ni a bakin famfo. Ta ce, "Iya Hadiza, shekara talatin ban taɓa roƙonki komai ba. Kada ki ɗinka." Ta ɗauki bokitinta ta wuce.

To ga inda nake. Na aika wa mai zane, ya fitar da furen, don hannuna ya riga kaina. Yadin yana nan cikin bokitin fenti, na zura shuɗin zare a allura, ban soka ba. In zan gama kafin biki, cikin satin nan ya kamata in fara. Kullum da safe Wasiyu yana leƙowa, bai tambaya ta kai ina, gaisuwa kawai yake yi ya tsaya kaɗan. Ni kuma duk ran da na ji an ja ƙofar shago da ƙarfi a layinmu, sai na ajiye abin da ke hannuna na saurara.

Ku da kuka ce sati biyu ya isa a iya sana'ar nan, ga allurar, ga yadin, ga uwarsa a ɗakin da ke kallon nawa. In ku ne, za ku soka?